Shekarar da Na Ba Mayya Fuska

'Ya'yana, na daɗe ina jin kuna faɗa wa juna, har kuna faɗa wa 'ya'yanku, cewa babanku ya taɓa yin littattafan ban tsoro masu zane a Funtuwa, sai dattawan coci suka kira shi suka hana shi. Wasunku kuma cewa suke mahaifiyarku ce ta hana. Ban taɓa gyara muku ba, don na ji daɗin fakewa a bayan wannan magana. To yanzu mahaifiyarku ta riga mu gidan gaskiya, dattawan nan ma duk sun tafi, bai kamata in bar su da laifin da ba nasu ba. Babu wanda ya hana ni. Ga yadda abin ya faru.

Lokacin muna cikin jihar Kaduna, ba a yanke Katsina ba tukuna. Ina da rumfa a gefen tashar mota, ina rubuta allon shaguna da jikin manyan motoci. In kakar auduga ta zo ba na hutawa, kowane direba yana son zaki ko dabino ko jirgin sama a bayan motarsa kafin ya fara jigila. Aikin yana ciyar da mu, amma bai taɓa cika mini zuciya ba, don zaki ɗaya nake ta maimaitawa. Wata rana a wurin mai sayar da littattafai na ƙasa na ga wasu tsofaffin littattafan Turawa, bangonsu ya cire, ciki duk zane ne gida-gida, magana tana fitowa daga bakin mutane cikin 'yar da'ira. Turancina bai kai in karanta rabinsu ba, amma sai na ga na fahimci labarin tsaf daga farko har ƙarshe. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Na ce ashe ana iya ba mutum labari ko bai iya karatu ba, kuma mu da muke da labaran da suka fi waɗannan tayar da tsigar jiki, me ya hana mu?

Maƙwabcin rumfata Malam Hamisu ne, mai tafireta, dattijo mai son raha, yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Yana da wani tsohon inji da ake juyawa da hannu, a ɗaura masa takardar kakin nan da ake kira sitensil, ya yi ta fitar da kwafi. Shi ya nuna mini cewa ba rubutu kaɗai sitensil ke ɗauka ba, in ka sami ƙarfe mai tsini ka ja layi a hankali zai ɗauki zane. Muka shirya: ni da zane da labari, shi da inji da tawada. Mahaifiyarku Rifkatu kuwa ita ke ninke takardun ta ɗinke tsakiyarsu da zare da allura. Babu kamfani, babu wanda ya sa mu, babu wanda ke duba mana. Mu uku ne kawai.

Littafin farko na zana Dodo da ƙaho da haƙora zaƙo-zaƙo. Malam Hamisu ya ɗaga shafin ya duba, ya yi dariya har da hawaye.

"Malam Ishaya, wannan ai bunsurun gidanmu ne ya tashi tsaye. Wa zai ji tsoronsa?"

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Yaran tasha suka saya suka yi ta dariya. Daga nan na fara koyon abin da babu malamin da zai koya mini. Na gane cewa abin da ka nuna gaba ɗaya ya daina ba da tsoro, gara ka nuna hannu kawai a bakin ƙofa ka bar mai karatu ya ƙarasa sauran da kansa. Na gane cewa abin firgitarwa a bayan shafi ake ajiye shi, don mutum ya juya takardar da hannunsa, ya zama shi ya buɗe wa kansa. Sitensil ɗin ma ya koya mini nasa darasin. Ba ya jure baƙi mai yawa; in ka ce za ka cika gida guda da duhu, kakin ya yage, tawada ta malale ta ɓata shafin. Tun ina fushi da wannan har na ce to, tunda duhu ya gagare ni, bari in kawo tsoron tsakar rana, inda fari ya fi yawa. Sai ga shi fili fetal da rana tsaka, da mutum ɗaya tsaye can nesa a kan hanyar gona, ya fi kowane duhu sanyaya jiki.

Labaran kuwa ba nawa ba ne. Na Gwaggo Kande ne, yayar mahaifina. A ƙauyenmu da ke bayan Gozaki, lokacin da mahaifina da yawancin gidanmu suka karɓi Kiristanci, wasu dangi kuma suka musulunta, ita ba ta bi kowa ba. Ta ce ta tsufa da sake hanya. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'yarta ɗaya tilo tana aure a Maska, ita kuma tana ɗakinta a gefen gidanmu tana sana'ar daddawa. Kaf yankin babu daddawar da ta kai tata, ranar kasuwa kwandonta ne ke fara ƙarewa. Ba ta taɓa kirana Ishaya ba, ta ce sunan bai zauna mata a baki ba, Tanko take ce mini. Muna yara in tana wanke kalwa sai mu kewaye ta, ta yi ta ba mu labari da rana tsaka. In aka ce mata ba a tatsuniya da rana sai ta ce nata ba tatsuniya ba ne, abin da ya faru ne. Tana da wata dabara: in ta zo wurin da ya fi ban tsoro sai ta yi shiru, ta ci gaba da murza kalwarta kamar ta manta da mu, har sai wani ya kasa haƙuri ya ce, "Sai me, Gwaggo?" Wannan shirun nata shi na mayar gidan zane wanda babu magana a cikinsa. Duk abin da na iya, daga wurinta na ɗauko.

A cikin labaranta akwai na wata tsohuwa mai gora, wadda ke tsayawa a hanyar gona ta gaishe ka ta tambayi sunanka. In ka faɗa mata, kullum inuwarka sai ta ragu kaɗan, kana ramewa, har ranar da za ka tsaya a rana babu komai a ƙarƙashinka. Inuwoyin suna cikin gorar. Na san wannan labari an yi shi ne don zane, domin mai karatu zai ga inuwar tana raguwa gida bayan gida tun kafin mutumin cikin labarin ya lura. Na zauna na tsara shi kashi biyu. Komai ya tafi daidai sai fuskar tsohuwar. Na zana fuska ta fi ashirin, duk matattu, kamar na gunki. Ran nan ina zaune a tsakar gida da yamma, hannuna yana ta yawo a kan takarda, sai ga fuska ta fito da rai: fatar idon hagu da ta ɗan sauka, tsagar kumatu, ɗaurin kallabin da ke karkata gefe, da murmushin nan na mai shirin tsokanarka. Babu mugunta ko kaɗan a cikinta, kuma wannan ne ya sa ta fi ban tsoro. Mahaifiyarku ta zo wucewa da tukunya, ta leƙa, ta tsaya.

"Maigida, wannan ai Gwaggo ce."

"Ta ɗan yi kama da ita dai."

"Ba kama ba ce, ita ce. Ka sake."

"Wa ya san Gwaggo a Funtuwa? Ko Malumfashi ba ta zuwa."

"Ni dai na faɗa maka. In ka kawo zan ɗinke, amma raina bai so ba."

Ina so ku ji wannan da kyau, don nan ne laifin yake. Ba kuskure na yi ba. Na san ita ce, an kuma gaya mini. Na bar ta ne saboda ban taɓa yin zanen da ya kai wannan kyau ba, kuma na kasa rabuwa da shi. Har na gaya wa kaina cewa girmamawa ce, tunda labarinta ne.

Littafin ya fita da sanyi, ya karɓu fiye da duk abin da muka taɓa yi. Malam Hamisu ya juya injin har sitensil ya mutu, na sake yanka wani. Direbobi suna saye, 'yan makarantar kwana suna saye su tafi da shi hutu. Wani kwandasta ya ce mini tun da ya karanta, in yana tafiya da rana sai ya riƙa waiwayen inuwarsa. Ranar nan na koma gida kamar ba a ƙasa nake takawa ba. Ban tsaya na yi tunanin cewa motar da ta ɗauki littafin zuwa Zariya, irinta ce ke zuwa Malumfashi da Kafur ba. Na duƙufa a kan kashi na biyu, inda mutanen gari ke gane tsohuwar, su kewaye ɗakinta su cinna masa wuta. Na gama yanka sitensil ɗinsa gaba ɗaya, yana rataye a rumfar Malam Hamisu, ana jiran takarda ta iso.

Da bazara, wata safiya, wani direban ƙauyenmu ya tsaya a bakin rumfata, bai ko kashe mota ba.

"Babanka ya ce ka zo yau. Ya ce ko me kake yi ka ajiye."

"Lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Ba a rasu ba. Ka dai je."

Ya ƙi haɗa ido da ni. Na shiga motar Malumfashi, daga can na ari keke. Na isa bayan azahar, na tarar da rabin ƙauye a ƙofar gidan mai gari. Mahaifina ya tare ni kafin in jingine keken, ya ja ni gefe. Mutum ne mai sanyin magana. Ya gaya mini cewa littafin ya fi wata biyu yana yawo a garin, daga hannu zuwa hannu, har ya yi laushi kamar tsumma. Waɗanda ba su iya karatu ba sun ga fuskar, fuskar kuma ta ishe su. Da farko wasa ake yi, yara su hango Gwaggo su dafe inuwarsu su ruga. Sannan mata suka fara wuce kwandonta a kasuwa. Yanzu kuma 'yar maƙwabcinmu Nomau, yarinya 'yar shekara takwas, ta kwanta da zazzaɓi mai zafi kwana uku, wuyanta ya sanƙare, cikin magagi tana ta cewa Gwaggo ta mayar mata da inuwarta. Nomau ya kawo ƙara, yana so a sa Gwaggo ta tsallake yarinyar. Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku san wannan ba: a wancan lokaci in aka zargi mutum da kama kurwar wani, sai a sa shi ya tsallake marar lafiyar, wai ta haka yake sakinta. Wanda ya tsallake kuwa ya amsa da ƙafarsa cewa shi maye ne.

"Me ta yi maka?" in ji mahaifina. "Ita ta goye ka lokacin da uwarka ke jinya. Me ta yi maka, Ishaya?"

Na kutsa cikin taron. Gwaggo tana zaune a ƙasa ita kaɗai, an bar fili kewaye da ita kamar mai cuta. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "Tanko, ka iso? Ka sha rana." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa gaban mai gari na ce, ranka ya daɗe, ni na zana wannan takarda, daga kaina na ƙirƙiro, labari ne kawai irin wanda kowa a nan ya ji tun yana yaro, fuskar kuma na ara ne don ita ce ta zo mini hannu. Na zaci da na faɗi haka magana ta ƙare. Sai Nomau ya miƙe, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ba mugun mutum ba ne, tare muka yi kiwo da shi.

"Ranka ya daɗe, kun ji da kunnenku. Ɗan ƙaninta ne, a gidan ya tashi. Duk tsofaffin duniyar nan me ya sa ita ya zaɓa? Ya san abin da ya gani. Tsoron faɗa da baki ya yi, shi ya sa ya faɗa da takarda."

Taron ya ɗauki guna-guni, na ga kawuna suna gyaɗawa. A nan na fahimci cewa duk abin da na ƙara faɗa shaida ce a kanta. Kullum akwai fensir a aljihuna. Na karɓi littafin daga hannun mai gari, na juya bayansa inda babu komai, na dubi Nomau, na fara zane. Ba a yi minti biyar ba na gama. Ga Nomau nan da hularsa da karyayyen haƙorinsa, riƙe da gora, yana murmushi a hanyar gona. Na ɗaga na nuna wa jama'a.

"Ga shi. Wannan ma maye ne? In kuna so in zana kowa a nan da gora, har kaina. Hannuna ne kawai, ba ya ganin komai."

Wasu samari suka tuntsire da dariya, aka tsawata musu. Nomau ya yi kaina, aka rirriƙe shi. Amma na ga abin ya shiga wasu, har mai gari ya daɗe yana duban takardar. Daga ƙarshe ya ce ba za a tilasta wa kowa tsallake kowa a garinsa a kan zanen takarda ba, a nemi mota a kai yarinyar asibiti a Malumfashi tun rana ba ta faɗi ba. Na sauke ajiyar zuciya, na ɗauka na ceci Gwaggo. Sai uwar yarinyar ta fito daga cikin mata, ta zube gaban Gwaggo, ta kama ƙafafunta tana kuka, tana cewa ba ta zargin kowa, amma don Allah a tsallake mata 'yarta ko da babu komai, kada ta mutu a hanya. Gwaggo ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta dafa ƙasa ta miƙe. Mahaifina ya sha gabanta.

"Yaya, kada ki yi. In kika yi kin amsa."

"Bar ni. Yarinyar nan a hannuna aka haife ta, ni na yanke mata cibiya. In ƙafata za ta kwantar wa uwarta da hankali, me zan yi da ƙafar?"

Ta shiga gidan Nomau, muna biye. Yarinyar tana kwance a tabarma a inuwar rumbu. Gwaggo ta tattare zanenta ta tsallake ta sau uku, a hankali, don gwiwoyinta sun riga sun fara ciwo. Ta sunkuya ta taɓa goshinta, ta ce wa Nomau, "To, yanzu ɗauke ta ka kai ta wurin masu allura." Ta koma ɗakinta ta saki asabari.

Yarinyar ta rayu. A asibiti aka ce sanƙarau ne, aka yi mata allurai, bayan mako biyu ta dawo da ƙafarta. Na gode wa Allah a kan haka har yau, tana nan da jikokinta. Amma a ƙauye babu mai maganar allura. Cewa aka yi ta tsallake, ta saki. Na sha juya wannan a raina: da yarinyar ta mutu, da an ce Gwaggo ta cinye ta, da ta warke, aka ce ga shaida. Tun ranar da littafin ya shiga garin babu ƙofar da na bar mata a buɗe. Ita ma ta san haka lokacin da ta miƙe, ta fi ni sani.

Washegari na koma Funtuwa, na wuce kai tsaye rumfar Malam Hamisu. Takarda ta iso, yana ta murna, ya riga ya ɗaura shafin farko na kashi na biyu a inji. Na ba shi labari. Ya yi salati, ya daɗe yana shafa gemu.

"To a sake fuskar mana. Ka shafe, ka sa wata. Mutane suna ta tambaya, kullum sai an zo."

"Ko fuskar akuya na sa, Malam, Gwaggo za su gani. Kuma ka san abin da ake yi mata a ƙarshen wannan kashi."

Shi ne ya karanta shafukan wutar kafin kowa, har ya yaba yadda na yi hayaƙin da ɗigo-ɗigo.

"Ka ce za su iya cinna mata wuta?"

"Jiya da safe da na ce ba za su iya ba."

Da hannunsa ya kwance sitensil ɗin daga inji ya miƙo mini. Na sauko da sauran daga ƙusa, na yayyage su ɗaya bayan ɗaya, tare da na kashin farko. Aikin wata uku ne, kuma na san ban taɓa yin kamarsa ba. Ba zan ɓoye muku ba, ina yagawa ina jin zafin zanen, ba zafin Gwaggo kaɗai ba, kuma na ji kunyar kaina da na lura da haka. Bayan nan na bi masu sayar da littattafai na Funtuwa da Malumfashi na kwashe abin da ya rage a hannunsu. Wanda ya riga ya shiga gidajen mutane kuwa ya shiga. Da na koma gida mahaifiyarku ba ta ce ai na faɗa maka ba, ba ta taɓa cewa ba har ta bar duniya. Ta dai cire zaren ɗinkin littafi daga allurarta ta mayar da ita cikin gwangwani.

Ban yi rantsuwar daina zane ba. Bayan shekara guda ma na gwada wani labarin. Amma duk fuskar da ta fito da rai sai in ga ta wani ce: mai shayin tasha, ko wata mata da ke zama a bayanmu a coci. Wadda ba ta kowa ba kuma matacciya ce. Na rasa hanya tsakanin biyun, wataƙila wanda ya fi ni gwaninta da ya samu. Na koma wa zakina da dabinona, su na yi ta yi har idona ya gaza, da su na biya muku makaranta. Har yanzu ban ɗauki labarin ban tsoro zunubi ba. Mutum yana bukatar wurin da zai ji tsoro ya fito lafiya. Ni ne dai na buɗe wurin a ƙofar ɗakin mutum mai rai.

Gwaggo ta daure har aka yi girbi. Babu wanda ya taɓa ta, babu kuma wanda ya ƙara sayen daddawarta, ko ya aiko a kira ta wurin haihuwa. Mahaifina kullum da safe sai ya ɗauki kujerarsa ya zauna a ƙofar ɗakinta ya ci abinci daga kwanonta don mutane su gani, amma bai sauya komai ba. Da aka gama shigar da dawa, 'yarta ta zo ta tafi da ita Maska. Na yi watanni ina jin nauyin zuwa, sai mahaifiyarku ta ce in ban je ba ita za ta je ita kaɗai. Na je ranar wata Asabar da hantsi. Na same ta a bayan gida tana shanya daddawa a kan tabarma. Ta rame, amma hannunta bai sake ba. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Tashi, Tanko, ƙasar da zafi. An nuna mini takardar taka tun kafin abin ya ɓaci. Ka iya. Har ni da na ga idon nan sai da gabana ya faɗi."

"Gwaggo, labarinki ne na lalata."

"Labarin kam ka faɗe shi daidai. Abu ɗaya ka ƙara. Duk shekarun da na yi ina ba ku shi, ka taɓa jin na ce ga kamannin tsohuwar? Doguwa ce ko gajera?"

Na yi tunani, na ce a'a.

"Haka uwata ta ba ni shi. Ba a yi mata fuska. Kowa ya ga tasa a cikin kansa, in an tashi daga wurin ta watse. Taka kuwa ka sa ta a takarda, an tashi ta ƙi watsewa."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar dai tana gyara mini riƙon fartanya. Na zauna na taya ta jera daddawar. Can na ce mata ina so in yi wani abu ko kaɗan ne. Zan zana ta yadda take, da kwandonta, da hannuwanta, zane babba da fenti mai kyau, in rubuta a ƙasa ko ita wace ce da abin da ta yi wa garinmu, in kai a kafa a gidanmu kowa ya gani. Na daɗe ina shirya wannan magana a mota, ina ganin ita ce gyaran. Ta girgiza kai tun ban rufe baki ba.

"A'a. Nan garin babu wanda ya san fuskata sai wanda ya zo sayen daddawa, kuma sun fara zuwa. Ka bar mini abata. Kada ka ƙara zana ni, Tanko, ko da kyau, ko bayan raina."

Na ce na yi alkawari. Ta ƙulle daddawa a ganye ta ce in kai wa Rifkatu, ta rako ni har bakin hanya. Bayan shekara uku ta rasu a can Maska, ba ta sake taka ƙauyenmu ba. Daga garinmu ni da mahaifina ne muka je, sai uwar yarinyar nan, wadda ta biyo mu a baya ba tare da ta gaya wa mijinta ba.

Ba ta taɓa tsayawa gaban mai ɗaukar hoto ba, don haka babu ɗayanku da ya san kamanninta. Fuskar tana nan a hannuna. Ko yanzu da idona ya dushe, in kuka ba ni fensir zan fitar muku da ita kafin shayi ya huce. Kada ku roƙe ni.